A Koya Wa Yara Masu Galahanga Iyo Tun Kafin Ruwa Ya Ci Su

Daga Wakilinmu

A daminar bara, wata ranar Talata da la'asar sakaliya bayan an ɗauke ruwan sama, hankalin mutanen layinmu a Hotoro ya tashi matuƙa, domin an nemi wani yaro ɗan shekara bakwai an rasa. Uwarsa ta shiga ɗaki yin salla, ƙanwar mijinta kuma ta fita sayen kayan miya ta bar ƙofar gida a buɗe, kafin a sallame yaro ya sulale. Nan da nan samari suka bazu, wasu suka nufi bakin titin Maiduguri, wasu suka yi gidan mai unguwa, ladan kuma ya yi ta cigiya ta lasifikar masallaci. Kowa na ƙwala kiran sunansa, alhali kuwa duk wanda ya san yaron ya san ba ya amsa kira, ko da a gabansa kake tsaye. Sai da aka kusa kiran magariba sa'an nan wani mai tura kurar ruwa ya hango shi a cikin wani kududdufi da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Ruwa ya kawo masa ƙirji, yana ta bugun sa da tafin hannu yana dariya, taku biyu ko uku a gabansa kuwa rami ne mai zurfin da zai shanye ƙato. Allah dai Ya yi da sauran shan ruwansa a duniya.

Da aka dawo da shi gida, na tsaya a zaure ina sauraren abin da jama'a ke faɗa. Wata tsohuwa cewa ta yi, "Ai dama ɗan ruwa ne, gida yake nema." Wasu suka ɗora wa uwar laifin sakaci, wasu suka ba uban shawarar ya sayo sarƙa da kwaɗo ya riƙa ɗaure shi. A cikin duk waɗanda suka yi magana babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa yaron da kowa ya san ruwa na jan hankalinsa ya kai shekara bakwai ba a taɓa nuna masa abin da zai yi ba in ruwa ya fi ƙarfinsa. Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne koya wa irin waɗannan yara iyo da sanin hatsarin ruwa wani ɓangare ne na kiyaye rayukansu, daidai da allurar rigakafi, kuma ya kamata hukuma ta ɗauke shi a kan haka.

Mece Ce Galahanga?

Larurar da ke damun wannan yaro likitoci na kiranta otizim, gidajen rediyo da jaridunmu kuma sun saba kiranta galahanga, ko da yake mutane kan haɗa larurori dabam-dabam su kira su da wannan suna guda. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Leo Kanner ne ya yi bayaninta dalla-dalla a shekarar 1943 a birnin Baltimore na Amurka, bayan ya lura da halayen wasu yara 11. Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, alamunta kuma kan bayyana tun kafin ya cika shekara uku. Yaron kan yi jinkirin magana ko ya ƙi yin ta sam. Ba ya son haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan tsaransa, yakan nace wa abu guda yana maimaita shi, kuma ƙara ko haske ko taɓin jiki da wani ba zai damu da su ba shi sukan gigita shi. Wasu daga cikinsu na da kaifin basira har su yi karatu mai zurfi, wasu kuwa suna buƙatar mai kula da su muddin ransu. Maza sun fi mata samunta da wajen ninki uku zuwa huɗu.

Larurar ta fi yadda muke zato yawa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya a cikin kowane 100 na da ita, a Amurka kuwa, inda ake tsananta bincike, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka ta ba da sanarwa a 2025 cewa ɗaya ne a cikin yara 31 'yan shekara takwas. Ko da ƙiyasin farko muka ɗauka, watau ke nan unguwar da ke da yara dubu ɗaya ba za a rasa wajen goma a cikinta ba. Mai karatu ya auna wannan da yawan yaran da ke Hotoro da Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa. Abin da ya sa ba mu ganinsu shi ne yawancinsu a kulle suke cikin gida, saboda iyaye na gudun surutun mutane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara tun daga 2008 don wayar da kai game da larurar, amma har yanzu a unguwanninmu da yawa ana danganta ta da iskoki ko maita ko sammu. Mafi muni a cikin waɗannan camfe-camfe shi ne na "ɗan ruwa", wanda ke nuna wai an musanya wa uwa ɗanta da ɗan aljanun kogi. Duk wanda ya yarda da wannan, in ruwa ya ci yaro sai ya ce ai ya koma inda ya fito, shi ke nan an rufe magana ba a koyi darasin komai ba.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Dangantakar da ke tsakanin waɗannan yara da ruwa abu ne da masana suka yi nazari a kansa, kuma babu aljani a cikin sakamakon. A shekarar 2012 an buga wani bincike a Amurka wanda aka yi a kan yara 1,218 masu galahanga. An gano cewa kashi 49 cikin 100, watau kusan rabinsu, sun taɓa yunƙurin sulalewa daga gida ko makaranta bayan sun wuce shekara huɗu, lokacin da sauran yara suka riga suka daina irin wannan. A cikin waɗanda suka ɓace har hankalin iyaye ya tashi, kashi 24 cikin 100 sun shiga hatsarin nutsewa, kashi 65 kuma sun kusa gamuwa da mota. Bayan shekara biyar, a 2017, wasu masu bincike biyu na Jami'ar Kolambiya da ke birnin New York, Joseph Guan da Guohua Li, suka bi takardun shaidar mutuwa na ƙasar daga 1999 zuwa 2014, suka tarar cewa hatsarin mutuwa a ruwa ga yaro mai galahanga ya ninka na sauran yara har sau 160. Shawarar da suka bayar ita ce da zarar likita ya tabbatar yaro na da larurar, to, a sa shi koyon iyo ba tare da jinkiri ba.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Yaron da hayaniyar gida ke damunsa yakan nemi wurin da babu mutane, bakin ruwa kuwa shiru gare shi. Ƙyallin rana a kan ruwa, da motsinsa, da yadda yake rungumar jiki, abubuwa ne da ke sanyaya wa da yawansu rai. A lokaci guda kuma ba su cika gane hatsari ba, ba su bambanta ruwan da ya tsaya a idon sahu da wanda ya wuce kai. In yaron ya faɗa, ba zai yi kururuwar neman taimako ba, tun da dama ba ya magana, kuma ko masu magana ma a shiru ruwa ke cin su, domin wanda ke kokawar numfashi ba shi da iskar yin ihu. Minti kaɗan sun isa ƙwaƙwalwa ta lalace saboda rashin iska. In kuwa haka abin yake a ƙasar da ake kewaye wuraren ruwa da shinge, ake da motocin agaji a kowane lungu, to, yaya ke nan a garin da kududdufi ke bayan katangar gida?

Kano Da Ruwanta

Baƙo zai ɗauka Kano garin tudu ne wanda bai san matsalar ruwa ba, amma ɗan gari ya san ba haka ba ne. Ganuwa da gidajen ƙasa na birni da kewaye da ƙasar da aka haƙa a nan aka gina su, ramukan da aka bari kuwa su ne kududdufan da ke cika maƙil daga Yuli zuwa Satumba. Unguwannin da suka bunƙasa daga baya irin su Hotoro sun ƙara da nasu: ramukan ɗibar ƙasa, da ginin da aka haƙa harsashinsa aka watsar, da rijiyoyi marasa murfi, da ramin shadda da aka bari a buɗe, da manyan magudanai waɗanda ke tumbatsa suna ambaliya in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A cikin gida ma ga randa ga duro ga bahon wanki, ƙaramin yaro kuwa ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ya isa ya hallaka shi in ya kife a ciki. Duk mai sauraren rediyo a Kano ya saba jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta jiha cewa ma'aikatanta sun ciro gawar yaro daga kududdufi ko rijiya, har abin ya zama jiki, ana ji ana wucewa.

A wajen birni kuma ga manyan madatsun ruwa, irin su Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Challawa, da Watari. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Ƙaramar Hukumar Bagwai, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. Matsalar ta duniya ce baki ɗaya, domin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a shekarar 2021 kaɗai, akasarinsu a ƙasashe matalauta, kuma tun a 2021 ɗin Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ranar 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Saboda haka duk yaran Kano na buƙatar sanin ruwa. Abin da nake cewa shi ne in za a yi layi, to, masu galahanga ne ya kamata a sa a gaba, domin su ne hatsarin ya fi kusa da su, su ne kuma ba za su iya koyo da kansu a wurin abokan wasa ba kamar yadda sauran yara ke yi.

Shin Za Su Iya Koya?

Wannan ita ce tambayar farko da wani uba ya yi mini. Ya ce, "Malam, yaron da bai iya cewa Baba ba, yaya za a yi ya iya iyo?" Amsa ita ce iyo da jiki ake koyon sa, kuma an daɗe ana koya wa naƙasassu. Tun a 1949 wani injiniya mai suna James McMillan ya fara koya wa 'yan mata naƙasassu iyo a makarantar Halliwick ta birnin Landan, dabarar da ya tsara mai matakai goma kuma har yau ana aiki da ita a ƙasashe da yawa. Tushenta shi ne yaro ya fara sakin jiki da ruwa, ya iya sarrafa numfashinsa, ya iya juya jikinsa, kafin a zo maganar tafiya a ruwa. Abin da masu koya wa yara masu galahanga suka ƙara a kai shi ne haƙuri da tsari.

Ga yadda ake yi a taƙaice. Da farko likita ya duba yaron, musamman saboda farfaɗiya, wadda ta fi yawa a cikin masu galahanga, domin mai ita na buƙatar kulawa ta musamman a ruwa. Sa'an nan a ba shi malami guda wanda ba za a riƙa canza masa ba, a rana guda da lokaci guda kowane mako, kuma a zaɓi lokacin da wurin ba kowa, tun da hayaniya na rikita shi. Ana iya kai shi sau biyu ko uku ya ga wurin kawai ba tare da ya shiga ba. Malamin ya taƙaita magana, kalma ɗaya ko biyu, ya yi amfani da hotuna masu nuna abin da za a yi bi da bi: cire takalmi, zama a baki, jira, shiga. Ba a tilasta shi, ba a jefa shi ruwa wai don tsoro ya fita kamar yadda ake yi wa yara a ƙauye, domin tsoratarwar rana ɗaya na iya rushe aikin wata shida. In ya yi daidai a yaba masa nan take da abin da aka san yana so.

Darasin farko kuma mafi muhimmanci shi ne tsayawa a bakin ruwa har babba ya ba da izini, ana maimaita wannan kowace rana har ya zame masa ɗabi'a. A nan halinsu na nacewa kan tsari guda, wanda ke wahalar da iyaye a gida, ya zama abin amfani, domin abin da suka riƙe ba su cika saki ba. Bayan haka sai hura iska a cikin ruwa da rufe baki, sai juyawa ya kwanta rigingine a kan ruwa fuskarsa a sama yana numfashi, sai kama gefe da fitowa da kansa. Salon iyo na gasa ba shi ake nema ba. A ƙarshe a gwada shi da tufafinsa da takalminsa, domin ranar da zai faɗa kududdufi da rigarsa zai faɗa. Akwai kuma wani abu da malamai suka lura da shi: yaro mai galahanga na iya ƙwarewa a wuri guda, amma in ya ga wani ruwa dabam sai ya kasa gane cewa darasin ya shafi nan ma. Don haka ya kamata a riƙa kai shi bakin ruwa iri-iri, hannunsa cikin na babba, ana nanata masa dokar jira. Wani yaro zai kama cikin makonni, wani sai ya shekara. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce jihar da ke fama da ƙarancin azuzuwa da ruwan sha ina ta ga kuɗin gina kwamin iyo. To, sai mu dubi Bangaladash, ƙasa matalauciya wadda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe yaranta. A can wata cibiyar binciken rigakafin hatsari ta ƙirƙiro shirin koya wa yara iyo a tafkunan ƙauye: a kafa shinge da dandamali na gora a cikin ruwa mara zurfi, a horar da matasan garin su zama malamai, yaro kuma ba ya cin jarrabawa sai ya yi iyo na mita 25 ya kuma tsaya a kan ruwa na daƙiƙa 30. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna mutuwa a ruwa ta ragu ƙwarai a cikin yaran da suka bi shirin, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar koya wa yara 'yan shekara shida zuwa sama iyo bisa tsari, ƙanana kuma a tanadar musu wurin reno. Ban ce mu kai yaranmu kududdufi ba, domin ruwansa na ɗauke da ƙazanta da tsutsar tsargiya mai sa fitsarin jini. Darasin shi ne talauci bai hana su fara da abin da ke hannunsu ba. Mu ma a Kano akwai kwamin iyo a manyan otal-otal da kulob-kulob na Nasarawa da Bompai, waɗanda da safiyar ranakun aiki ba su cika samun jama'a ba, tafiyar 'yan mintoci ce kuma daga Hotoro ko Gyadi-Gyadi. Hayar awa biyu sau biyu a mako ba za ta gagari ƙaramar hukuma ba.

Wasu iyaye kuma tsoronsu shi ne in aka koya wa yaro iyo zai ƙara son ruwa, ya riƙa gudu can. Wannan tsoro na da tushe, Hausawa ma na cewa ruwa kan ci gwani, shi ya sa dokar jiran izini ke gaba da komai, shi ya sa kuma iyo ba zai taɓa maye gurbin sa ido ba. Amma a tuna yaron layinmu ba wanda ya koya masa komai, duk da haka ƙafarsa ta kai shi kududdufi. Son ruwan yana nan ko an koya ko ba a koya ba, abin da koyarwa ke ƙara masa shi ne 'yan mintocin da zai yi a saman ruwa yana numfashi kafin mai ceto ya iso. Game da sutura da cuɗanya kuwa, abu ne mai sauƙin warwarewa: a ware ranar mata da malamai mata, a sa tufafin da suka rufe jiki, uwa ko yaya kuma ta zauna a wurin. Iyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masuntan Wudil da Kabawan Argungu gadonsu ne, har gasar iyo da kurme ake yi a bikin kamun kifi na Argungu wanda ya samo asali tun 1934, sarautar Sarkin Ruwa kuma tsohuwa ce. Malamanmu ma kan kawo cewa Sayyadina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mai cewa komai ƙaddara ce kuwa, gaskiyarsa, amma ai shi ma yakan rufe ƙofarsa da dare.

Aikin Da Ke Gaban Kowa

Doka ta riga ta share fage. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairun 2019, aka kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020, tun 2015 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ke da manufa a rubuce game da ilmin masu buƙata ta musamman. Abin da ya rage shi ne a fito da waɗannan takardu daga durowa. Ina ba da shawarar a fara gwaji a Ƙaramar Hukumar Tarauni, domin duk kayan aikin na kusa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na nan a kan titin Zariya, likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da ke cikinsa za su iya tantance yaran, su kuma riƙa gargaɗin iyaye game da ruwa tun ranar da suka gaya musu sunan larurar. Jami'ar Bayero na da sashen ilmin masu buƙata ta musamman da na ilmin motsa jiki, ɗaliban waɗannan sassa biyu in an haɗa su aka horar da su, su ne malaman da ake nema, aikin kuma sai a lissafa musu shi cikin koyon aikin koyarwa. Ma'aikatar Ilmi da hukumar wasanni ta jiha su nemo wurin, su biya haya. A fara da yara ashirin ko talatin, a rubuta abin da aka gani, bayan shekara a faɗaɗa.

Hukumar Kashe Gobara kuma tana da aiki biyu. Na farko, duk sa'ad da ta ciro yaro daga ruwa ta riƙa tambaya ta rubuta ko yana da wata larura, domin hukuma ta san girman abin da take fuskanta. Na biyu, ta riƙa zagaya unguwanni tana koya wa iyaye da 'yan sintiri da malaman makaranta yadda ake ceto. Jama'a da yawa har yanzu in an ciro yaro sai su ɗaga ƙafafunsa sama ko su yi ta danna cikinsa wai ruwa ya fita, wannan kuwa ɓata lokaci ne mai hatsari. Abin da yake buƙata in ba ya numfashi shi ne a kwantar da shi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, a kuma garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ruwa don ceto, ya miƙa sanda ko igiya ko ya jefa jarka mai murfi. Ma'aikatan ƙaramar hukuma da na tsara birni kuma su tilasta wa duk wanda ya haƙa rami ya cike shi ko ya kewaye shi.

Ku kuma iyaye, akwai abin da ba sai kun jira gwamnati ba. A sa sakata a can sama inda hannun yaro ba zai kai ba, a yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a kife baho da bokiti in an gama aiki, a ɗinka wa yaro lambar wayar mahaifinsa a jikin riga. A ranar suna ko biki, sa'ad da gida ya cika kowa ke zaton wani na lura, a ɗora wa mutum ɗaya nauyin yaron a faɗa masa ƙarara. Mafi muhimmanci, a daina ɓoye shi. A sanar da maƙwabta da mai unguwa da masu kanti cewa wannan yaro ba ya amsa kira, duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya riƙe shi. In kuma ya ɓace, kada a ɓata lokaci ana cigiya a titi, a fara da wuraren ruwa mafi kusa, a tura mutum kowane ɗaya nan take. Da mun san wannan a bara, da ba mu yi wajen awa biyu muna neman yaro a inda ba ya nan ba.

Yaron layinmu yanzu ya shiga shekara ta tara, har yau bai iya iyo ba, kududdufin kuma na nan inda yake, yana jiran wata damina. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya, da shugabannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, da hakimai da masu unguwanni, su zauna a kan wannan magana tun da rani, kafin hadari ya haɗu. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya ba iyayen waɗannan yara ladan haƙurinsu, amin.